Allon da mutanen gari suka samu lokacin yaƙin Hitila ya ɓace, ta ina zan fara nema?

Maman_Hanif_UK
Salamu alaikum 'yan gida. Don Allah wata magana ce ta sha mini kai, kuma ni na jawo wa kaina da suɓutar baki. Ina aikin kula da tsofaffi a wani ɗan ƙaramin gari a arewacin Ingila, ba zan kama sunan garin ba saboda dokar wurin aiki. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, ta haura 90, ranar nan ina taje mata kai sai ta ɗauko mini labarin 1942, wai tana 'yar firamare duk Litinin uwarta na ba ta sisi ta kai wa malamarsu a ba ta wani ɗan kan sarki ta manna a kati, haka kowane yaro, haka masu shago da 'yan masaƙa, har garin ya tara kuɗin da aka ce sun isa jirgin ruwan yaƙi guda. Ta ce bayan nan sojan ruwa suka aiko wa garin da wani allo, tambarin jirgin ne a kan katako da rubutu a jikin tagulla a ƙasa, aka kafa shi a zauren majalisar gari, kuma ranar da aka yaye ƙyallen tana cikin yaran da suka yi waƙa. Rabonta da shi tun kafin ta yi jika. Sai ta ce da za ta sake ganinsa ko sau ɗaya da ta ji daɗi. Ni kuma ban san lokacin da na ce mata zan nemo miki ba. To yanzu duk safiya da na shiga ɗakinta abin da take fara tambayata ke nan, abubuwa da yawa tana mantawa amma wannan ta riƙe shi gam. Na tambayi mutum uku a garin, ba wanda ya ma san an taɓa yin abin. Waɗanda suka san kan irin wannan, ta ina ake farawa?

Abba_Fagge
Ikon Allah sai kallo. Allon Turawa, yakin Turawa, garin Turawa. Mu ina ruwan biri da gada

Hajjo_Birmingham
Haba Abba, alkawari ta yi wa tsohuwa, ai alkawari kaya ne ko da wa ka yi shi. In ba ka da amsa ka bar wa masu ita. Maman Hanif Allah ya ba ki lada, ki jira Malam zai shigo.

Malam_Tarihi_Zazzau
Wa alaikumus salam. Hajiya abin da tsohuwar ta ba ki labari gaskiya ne, ba ruɗin tsufa ba ne. Su suna ce masa Warship Week, makon jirgin yaƙi ke nan, an yi shi daga ƙarshen 1941 zuwa watan Maris na 1942 kuma garuruwa sama da dubu suka yi. Kowane gari ana yanka masa adadin kuɗi gwargwadon ƙarfinsa, manyan birane su nemi kuɗin babban jirgi, ƙananan garuruwa da ƙauyuka su nemi na ƙarami irin masu share nakiyoyi a teku ko masu rakiyar jiragen kaya. In sun cika adadin sai a ce jirgi kaza ya zama ɗan garinsu. Daga nan mata su riƙa saƙa wa matuƙan safa da huluna, 'yan makaranta su riƙa rubuta musu wasiƙu.

Abin da nake so ki riƙe shi ne allon guda biyu ne ba ɗaya ba. Musaya aka yi. Hukumar sojan ruwa ta ba gari tambarin jirgi, gari kuma ya ba jirgi nasa allon aka kafa a cikinsa. Na cikin jirgi in jirgin ya nutse ya tafi ke nan, in kuma ya tsira har aka yanka shi bayan yaƙi to wani an mayar wa garin wani ya bi hannun mutane. Saboda haka abu na farko, ki samo sunan jirgin. In babu sunan jirgi lalube kike a duhu.

Injiniya_Leeds
Malam ya taɓo inda nake. Mu nan Leeds har gobe suna alfahari da nasu. Jirgin da suka zaɓa Ark Royal ne, mai ɗaukar jiragen sama, sai ga shi a watan Nuwamba 1941 Jamusawa sun harbe shi kusa da Jibiralta ya nutse, tun ma kafin makon tara kuɗin ya zo. Maimakon gwiwarsu ta yi sanyi sai abin ya zama na zuciya, farkon 1942 suka tara sama da fam miliyan 9. Sabon Ark Royal ɗin bai fara aiki ba sai 1955 amma dangantakar ta ci gaba. To irin wannan babban birni kayansa ba sa ɓata, akwai gidan tarihi akwai masu kula. Ƙananan garuruwa irin naki ne abin ya fi shafa.

Sani_Kwari
Tsaya tukuna. Da sisi sisin yara aka sayi jirgin yaki? Ni dan kasuwa ne lissafin bai hau min ba

Malam_Tarihi_Zazzau
Alhaji Sani lissafinka daidai ne, bai hau ba. Na ɗaya, mafi yawan kuɗin daga bankuna da kamfanonin inshora da masu masana'antu ya fito, sisin yara ƙari ne. Na biyu, ba kyauta ba ce, rance ne aka ba gwamnati. Kan sarkin da take mannawa in ya taru ya kai sule 15 sai a canza mata da takardar ajiya, wadda in ta shekara goma ta zama sule 20 da sisi. Na uku, jiragen da yawa an riga an ƙera su suna kan teku tun kafin a ce na gari kaza ne. Dabara ce ta janye kuɗi daga hannun mutane don kada kaya su yi tsada, ga kuma sa wa jama'a jin cewa da su ake yi.

Wanda ya zama kyauta tsantsa shi ne asusun sayen jirgin saman yaƙi samfurin Spitfire na 1940, lokacin Lord Beaverbrook yana ministan ƙera jiragen sama. An sa wa jirgi ɗaya fam 5,000, wanda ya kawo sai a rubuta sunan da ya zaɓa a jikin jirgin. Har jerin farashi suka fitar, fiffike fam 2,000, bindiga fam 200, ƙusa ɗaya sisi. Shi ma akwai allon godiya da ma'aikatar ta riƙa aikawa, amma daban yake da wanda Hajiya ke nema.

Ustaz_Nura
Sule 15 ya koma 20 da sisi, wannan ai kuɗin ruwa ne ƙarara. Ina dai tunatarwa ne.

Hajjo_Birmingham
Ustaz ba wanda ya ce zai saya, an rufe kasuwar shekara tamanin da suka wuce hhhh

Yaya_Kabiru_Manchesta
Ni a ƙaramar hukuma nake aiki a nan, bari in gaya miki inda irin kayan nan suke maƙalewa. Shekarar da za ki riƙe ita ce 1974. Ranar 1 ga Afrilun shekarar aka rushe ƙananan majalisun gundumomi na Ingila da Wales aka haɗe su suka zama manya, garin da yake da majalisarsa da zaurensa ya wayi gari ya zama unguwa a ƙarƙashin wata hedikwata mai nisan mil goma ko fi. Tsofaffin gine-ginen aka sayar, wasu aka rushe. Kayan bango kuwa kowa ya yi yadda ya ga dama, wani an tura sabuwar hedikwata an jibge a ɗakin ƙasa, wani an ba coci ko laburare ko ƙungiyar 'yan mazan jiya ko yaran nan masu koyon aikin sojan ruwa, wani kuma ma'aikaci ya gan shi a kwandon shara ya ji tausayinsa ya kai gida, ya mutu 'ya'yansa ba su san ko mene ne ba.

Kada ki kira lambar majalisa ta gaba ɗaya, wanda zai ɗauka an haife shi bayan 1990, zai ce ki cika fom. Ki je ofishin adana takardun tarihi na yankin, kyauta ne shiga, ki ce a ba ki littafin bayanan zaman tsohuwar majalisar na 1942 da 1943, sannan na 1973 zuwa 1974. A na farkon za ki ga sunan jirgi da ranar da aka karɓi allo, a na ƙarshen in kin yi sa'a za ki ga inda suka rubuta yadda aka raba kayan. Turawan nan ko kujera suka ba wani sai sun rubuta. Sannan jaridar garin ta lokacin, yawanci tana laburare a kan fim ɗin nan da ake murzawa da hannu. Ki kuma duba rajistar abubuwan tunawa da yaƙi ta gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum a intanet, ki sa sunan garin, wani lokaci wani ya riga ya ɗauki hoton abin ya saka.

Maman_Hanif_UK
Yaya Kabiru Allah ya saka da alheri, wlh kamar ka san garin. Jiya da na tashi aiki na bi ta tsohon ginin majalisar, yanzu wurin shan shayi ne a ƙasa sama kuma gidajen haya. Na sayi shayin da ba na so don in samu bakin magana. Yarinyar da ke wurin ta bar ni na leƙa bayan kanta inda matakalar bene take, bangon katako ne mai duhu, kuma ga shi nan ƙuru-ƙuru, wuri ɗaya katakon ya fi sauran haske, siffar garkuwa, da ramukan ƙusa huɗu. Na sa yatsa a ɗaya daga ciki har da guntun ƙusar da ta karye. Tsigar jikina sai da ta tashi. Mai gidan ya ce haka ya saye shi. Sunan jirgin kuma tsohuwar ta ce da harafin W ya fara, jiya kuma ta ce V. Ranar Alhamis ba ni da aiki zan je wurin takardun.

Abba_Fagge
Ramukan kusa hudu. Ko a nan haka baban bola yake barin wuri hhhh. In tagulla ce kam ki yi mata addu'a, ta dade da zama famfo

Talatu_Gombe
Abba ka ba ni dariya amma abin da ciwo. Makarantarmu ta 'yan mata akwai ajujuwa biyu da iyaye suka gina da kuɗinsu, ƙaddamar da asusu aka yi, mata suka sayar da awaki, kakata da kanta ta ba da kwalla biyu na gyaɗa. An kafa allon ƙarfe da sunayen unguwannin da suka ba da gudummawa. Bara na je, ɗan kwangila ya yi fenti, an ɗora sabon allo da sunan wanda ya ba da kwangilar fentin, tsohon ba wanda ya san inda yake. Maigadi ya ce yana jin da shi aka toshe tagar sito. Ba shekara tamanin ba, talatin ma bai cika ba.

Dr_Bashir_Landan
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma maganar Abba ta farko ce ta tsaya mini, wai ina ruwanmu. Ɗan'uwa da ruwanmu har da tsaki. A 1940 an buɗe asusun cin nasarar yaƙi a Najeriya, aka tara kuɗi lardi lardi aka aika Ingila don sayen jiragen sama. Saboda wannan kuɗin ne runduna ta 91 ta sojan saman Ingila take ɗauke da sunan Najeriya, Spitfire suke tuƙawa daga filin Hawkinge da ke Kent, bakin teku daura da Faransa, kuma a 1944 suna cikin waɗanda suka yi ta kaɓo bama-baman nan masu tashi da kansu da Jamus ke harbowa Landan. Akwai jirgin da kwamandansu Bobby Oxspring ya tuƙa a 1942, a jikinsa an rubuta Najeriya, lardin Oyo. Ba mu kaɗai ba, runduna ta 218 sunan Gold Coast take ɗauke da shi, ta 250 sunan Sudan. To tambayar da ya kamata mu yi, in an aiko wa garuruwan Ingila allon godiya, mu me aka aiko mana, kuma yana ina?

Jikan_Saje
Allah ya biya ka likita. Kakana ya je yakin Bama, runduna ta 81, ya dawo da lambobi uku da tari wanda bai rabu da shi ba har ya rasu. Yana cewa har jirgin ruwa sukutum Najeriya ta saya wa Ingila, shi ya sa ake ce masa HMS Nigeria

Malam_Tarihi_Zazzau
Allah ya jiƙan Saje, amma a nan an haɗa labari biyu. HMS Nigeria an sa shi a ruwa a watan Yulin 1939, yaƙin bai ma fara ba. Jerin jirage ne aka raɗa musu sunayen ƙasashen da Ingila ke mulka, akwai Fiji, Kenya, Gambiya, Jamaika, Uganda da sauransu. Ya sha wuta a hanyar Malta a watan Agustan 1942 amma bai nutse ba, daga baya aka sayar wa Indiya sunansa ya koma Mysore. Na jiragen sama da likita ya faɗa shi ne da kuɗinmu a ciki.

Jikan_Saje
To Malam na karba. Amma a gida ba zan gyara ba, kakata tana raye

DanJos_Asali
Ni kalmar gudummawa ɗin nan ce ba ta kwanta mini ba. Yarinyar Ingila ta kai sisi an ba ta kan sarki, bayan shekara goma an mayar mata da kuɗinta har da ƙari, an kuma kafa mata allo. Talakan Arewa fa? Kuɗin da ya fita daga baitulmalin En'e ai harajinsa ne da jangalinsa, ba wanda ya tambaye shi. Dagaci ya zo ya ce kowane gida kaza, wa ya isa ya ce ba shi da shi. Sannan ku zo nan Filato ku tambayi tsofaffi diban gwamna. Da Japan ta kama Malaya a 1942 Ingila ta rasa kuza, sai aka riƙa kwaso dubun dubatar mutane daga larduna ana kawo su haƙar kuza dole, mutumin Sakkwato ko Katsina da bai san sanyin Jos ba, ba bargo ba abincin kirki, da yawa ba su koma gida ba. Har 1944 ana yi. Su wa ya kafa musu allo? In ma an samo wani allon godiya a Kano ko Zariya ni ban ga abin murna a ciki ba, rasit ne na kuɗin da aka karɓe.

Hajiya_Mairo_Kd
Ɗana maganarka akwai gaskiya amma kada ka yi wa mutane kuɗin goro. Mahaifina malamin makaranta ne a lokacin, yana ba mu labari ana karanta musu Gaskiya Ta Fi Kwabo a zaure, ta Abubakar Imam, mutane su cika suna jin inda yaƙi ya kai. Ya ce shi da abokansa da hannunsu suka cire daga albashi, don abin da suka ji Hitila yana faɗa a kan baƙar fata ya tsorata su, kuma suna da 'yan'uwa a soja. An tilasta wa wasu, wasu kuma sun bayar da zuciya ɗaya. In ka ce duk dole ce ka ƙwace wa irin su mahaifina abin da suka yi.

DanJos_Asali
Mama Allah ya huci zuciyarki, ban ce da Baba ba. Amma mai albashi nawa ne a Arewa a 1940

Dr_Bashir_Landan
Ko rasit ne ai gara a nemo shi. Wanda ya yar da rasit shi ake cewa bai biya ba.

Zango_Boy_Kumasi
Mu ma nan an tara na Spitfire sosai, tsofaffin zango suna fadi. Kuma jiragen da ake hadawa a Takoradi ai ta Kano da Maiduguri suke bi su wuce Fort Lamy (N'Djamena ta yanzu) da Khartum har Masar. Amma allo kam ban taba gani ba, sai dai in tambaya

Issoufou_Damagaram
Mu namu labarin daban ne. Lokacin da kuke tara ma Ingila kuɗi mu muna hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa da ke bin Jamus, sai ƙarshen 1942 aka juya. Chadi ce ta bi de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, tun Agustan 1940 da gwamna Félix Éboué. Iyaka tsakaninmu da ku ta yi tsauri, ɗan'uwa a Daura ɗan'uwa a Magarya kowa na gefen da bai zaɓa ba. Abin da tsofaffinmu suke tunawa shi ne karɓar hatsi da dabbobi da aikin tilas, ba wani allo.

Hajjo_Birmingham
Jama'a mun tafi Bama mun dawo ta Damagaram, baiwar Allah tana jiran yadda za ta yi da tsohuwarta

Injiniya_Leeds
Gaskiyarki Hajjo. Ƙarin shawara, ki sa sunan jirgin a eBay da shafukan 'yan gwanjo ki bar shi a kan faɗakarwa, irin allunan nan suna fitowa lokaci lokaci in an kwashe kayan gidan mamaci. Amma ki yi hattara, tambarin jirgi kawai ana zuba sababbi ana sayarwa, na gaskiyar shi ne mai rubutun tagulla da sunan garin da shekarar. Kuma kada ki sa kuɗinki, in ya fito ki sanar da ƙungiyar tarihin garin su san yadda za su yi.

Wani abu da maganar Abba ta tuna mini. Bayan yaƙin farko ma an yi irin wannan, amma tankokin yaƙi aka raba wa garuruwan da suka yi ƙoƙarin tara kuɗi, sama da 200. Kusan duka an yanka su an sayar da ƙarfen. Na garin Ashford ne ya tsira a inda aka ajiye shi, don a 1929 an mayar da cikinsa wurin taransifoma, ya zama ba a iya taɓa shi. Tanka guda ta ɓace balle allo.

Maman_Hanif_UK
Salam, na dawo da labari, rabi daɗi rabi akasin haka. Na je wurin takardun, matar da ke wurin kamar ta goya ni don murna, wai ba a cika tambayar wannan ba. Ta kawo littafin 1942, babba ne mai bangon fata sai da aka ɗora shi a kan matashi, ga sunan jirgin nan da W ɗin da ta fara faɗa, ga adadin da aka yanka musu ga abin da suka tara ya wuce shi. Har an rubuta kuɗin shayin da aka kashe ranar bikin. Na 1974 kuma layi ɗaya ne tak, wai alluna da hotunan zaure a miƙa wa laburare. Ban tsaya ba na wuce laburaren, wani dattijo mai aikin sa kai ya shiga da ni sito, muka ɗaga kwalaye har hijabina ya yi fari da ƙura, sai ga wani abu a naɗe da tsohon labule. Zuciyata kamar ta fito. Muka buɗe, allo ne amma ba shi ba ne. Wannan fari ne kamar hauren giwa, mara nauyi, da hoton wani mutum mai fukafukai riƙe da takobi yana faɗa da maciji mai kai uku, an rubuta 1943. Gefensa ɗaya ya tsage.

Malam_Tarihi_Zazzau
Hajiya ai kin yi babban kamu. Wannan na makon jiragen sama ne na 1943, Wings for Victory, ma'aikatar sojan sama ce ta raba wa garuruwan da suka cika adadinsu. Ba hauren giwa ba ne, roba ce irin ta zamanin, ƙarfe ya yi wuya a lokacin. Akwai ƙaninsa na 1944 mai hoton soja da bindiga, na makon jinjina wa soja. Yawanci a jere ake kafa su a bango ɗaya. Tunda wannan ya iso laburare, na jirgin ruwan ma da alama ya iso, daga nan ne ya yi ƙafa. Ki tambayi dattijon ko akwai littafin da suke rubuta abin da suka ba da aro.

Yaya_Kabiru_Manchesta
Kuma ki tambaya ko jirgin yana da ƙungiyar tsofaffin matuƙa. A shekarun 1980 da 1990 suna yawan taron shekara shekara, sukan ari irin wannan su kafa a kulob ɗinsu, in kulob ɗin ya rufe shi ke nan

Maman_Hanif_UK
Zan tambaya in sha Allah. Na nuna mata hoton a waya da safe, ta sa tabarau ta daɗe tana kallo, sai ta ture wayar ta ce wannan na 'yan sama ne, namu mai shuɗi ne da igiya zagaye da shi. Amma da na karanta mata sunan jirgin daga hoton littafin sai ta kama hannuna ta maimaita shi sau uku, ta ce akwai wani matuƙi da ya amsa wasiƙarta ya ce safar da ajinsu suka aika ta yi masa girma. Daga nan ta ce to yaushe za ki kawo na gaskiyar.

Abba_Fagge
Tsohuwar nan ba ta da wasa. To na janye maganar biri da gada. Amma likita ka sa min tunani, in da gaske an aiko mana wani abu nan Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ina za a duba? Gidan Makama?

Malam_Tarihi_Zazzau
Ka fara da can tunda kusa ne, amma ni na fi sa rai da takarda a kan ƙarfe. Fayilolin larduna suna gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna, na Kano daban na Sakkwato daban na Zariya daban, da na ofishin sakataren lardunan Arewa. Ga kuma tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo. In an aiko da wani abu to akwai wasiƙar da ta rako shi, kuma Razdan ya sa hannu ya karɓa.

DanJos_Asali
In za ka je Kadunan ka duba mini na diban gwamna ma, ko da sunayen garuruwan da aka kwaso su ne

Hajiya_Mairo_Kd
Duk wanda zai zo ya biyo ta gida ya ci tuwo, ba nisa. Akwai akwatin ƙarfen mahaifina ma da ba a buɗe ba tun rasuwarsa, makullin ne ya ɓata.

Abba_Fagge
Mama a ajiye min miyar kuka, da guduma zan zo

Maman_Hanif_UK
Dattijon laburare ya kira ni yanzu, babu littafin aro, amma ya tuna wata mata da ta yi aiki a wurin kafin shi, tana gidan 'yarta a wani gari kamar awa ɗaya a bas. Ya ce ba ta jin waya sosai sai dai a je. Asabar nake da hutu, wa ke kusa ya riƙe mini Hanif?